Ƙato da Gemunsa Yana Manna Tsinke

Na san abin da ke bakinku, don haka bari in riga ku faɗa. Ƙato da gemunsa, ga iyali, ga kuɗin makaranta na jira, ya aika Turai an kawo masa kwali, ya kulle kansa a ɗaki yana manna tsinke da gam, wai shi jirgin ruwa yake ƙerawa. Jirgin da ko mudun gero ba zai ɗauka ba. Aikin baban giwa! To, na ji. In kun gama dariyar ku gyara zama.

Malam mai ƙyaɓe baki, kai a zatonka in an buɗe kwalin nan jirgi ne a ciki a rarrabe, a soka wannan cikin wancan, kafin la'asar an gama. Ina! Ko na Amati na Italiya ka saya, ko Billing Boats na Denmark, ko OcCre na Sifen, ko Caldercraft na Ingila, abin da za ka tarar kusan ɗaya ne: damin siraran katako miƙaƙƙu sambal, 'yan falankai da na'ura ta zana ta yanka, ƙullin zare baƙi da ruwan ƙasa, ƙananan igogi na tagulla, sai manyan takardun zane. Jirgin kuwa babu shi, kai za ka nemo shi.

Farkon aikin yaudara ne. Ka kafa ƙashin baya, ka jera haƙarƙari a kansa, nan da nan siffa ta fito, har ka fara jin kanka wani shugaban kafintoci. Sai a zo rufe jiki. A nan ne za ka gane cewa katakon a miƙe aka ba ka shi, jikin jirgi kuwa babu inda ya miƙe. Tsakiyarsa a buɗe, goshinsa a tsuke, kuma yawan layin katakon da ya rufe tsakiya shi ne dole ya shige goshin, inda wuri ya ragu ƙwarai. Saboda haka kowane tsinke sai an auna, an fiƙe bakinsa da reza, an jiƙa shi a ruwa, an lanƙwasa shi da zafin ƙarfe ko tururin butar shayi, sannan a danne shi da allura har gam ya kama. Ka manna ɗaya a dama, ka manna ɗan'uwansa a hagu, in ba haka ba jikin ya murɗe ya karkace. Ka yi gaggawa ka ji ƙas, ya karye. In ka gama ka goge da sanfefa, sai takarda ta ce maka wannan shimfiɗa ce kawai, yanzu za a sake rufewa da katako mai duhu wanda ido zai gani. Har yanzu wasan yara ne, ko?

Ga Alhaji can ya ɗaga hannu: "To in an gama, yana tafiya a ruwa?" Ranka ya daɗe, ba ya tafiya. A shoglas ake ajiye shi, ƙura ma ba a so ta taɓa shi. Amma kafin ka tuntsire da dariya, ka ji labarin Vasa. Sarkin Suwidin, Gustavus Adolphus, ya sa aka ƙera masa shi, jirgin yaƙi na gaske mai igwa 64, an ƙawata shi da sassaƙa ta ko'ina. Ranar 10 ga Agusta 1628 ya tashi tafiyarsa ta farko daga Stockholm, jama'a sun taru suna kallo. Bai wuce mita 1,300 ba iska ta kaɗa shi, sama ta fi ƙasa nauyi, ruwa ya kwararo ta tagogin igogi, ya nutse a gaban kowa. Sai 1961 aka tsamo shi, bayan shekara 333. Yau ana sayar da kwalin Vasa, kuma wanda ya harhaɗa nasa a kan tebur yana iya bugun ƙirji ya ce tafiyar da na sarki ya fi nasa da ita ba ta kai kilomita ɗaya da rabi ba.

Masu cewa rashin aikin yi ne na 'yan zamani, su ma ga nasu. A 1920 aka buɗe wani ɗaki a kabarin Meketre kusa da Luxor, wani babban bafaden Masar da ya rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Me aka tarar? Ƙananan jiragen katako, har da matuƙansu a ciki. A ƙarni na 17 da na 18 kuma, manyan rundunar ruwan Ingila sun riƙa sa gwanaye su ƙera musu ƙananan jirage, galibi kashi 1 cikin 48 na girman na gaske. Waɗanda suka fi burge ni dai su ne fursunonin yaƙi Faransawa na zamanin Napoleon, da aka tsare a Ingila, a wurare irin su Norman Cross. Ba kwali, ba takardar zane. Ƙashin naman da aka ba su suke tarawa, su kankare, su sassaƙa jirgi da igiyoyinsa, su sayar wa Turawan da ke tsare da su. Yanzu ragowar miyar tasu sai mai hannu da shuni ke iya tayawa a gwanjo.

"Mu da teku ina muka haɗu?" Wannan tambayar ta mutumin tudu ce, kada ka yi ta a gaban Sarkawan Yawuri. Kuma kwale-kwale mafi tsufa da aka sani a Afirka, a Dufuna ta jihar Yobe wani Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987: tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kusan 8,000.

Inda zan ba ku gaskiya shi ne wajen zare. Ɗauki Victory, jirgin Nelson, kwamandan rundunar ruwan Ingila a yaƙin Trafalgar na 1805, wanda har yau yake ajiye a Portsmouth. In aka rage shi zuwa kashi 1 cikin 72, ya haura mita ɗaya a kan tebur. Ƙasansa ana lulluɓe shi da 'yan farantai na jan ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya. Tsanin igiyar da matuƙa ke hawa kuwa, kowane mataki ƙulli ne a kan kowace igiya, da hantsaki ake ɗaurawa, bayan an goga wa zaren kakin zuma don kada ya yi gashi. Ƙulli dubbai, duk iri ɗaya, kuma in ka ja ɗaya da ƙarfi layin gaba ɗaya ya shiga ciki. Mai hankali ba ya yin wannan, na yarda. Sai dai mai faɗin haka jiya ya raba dare a gidan kallo yana tada jijiyar wuya a kan wata ƙungiyar Ingila da ba ta san da zamansa a duniya ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Hajiya ma shaida ce: gara mai gidan da ake jin ƙarar sanfefarsa daga ɗaki, ko da ya sace mata almakashi da zaren ɗinki.

Na hango wani a cikinku ya daina dariya, ya ɗauko waya yana laluben farashi a ɓoye. Na san ka, kuma na san Victory za ka nufa, don kai ba ka fara abu daga ƙasa. Don Allah ka fara da ƙaramin jirgin masunta mai sanda ɗaya. In ka ƙi ji, to ka tanadi wuri a saman kabad tun yanzu, kuma ka shirya amsar da za ka ba baƙi duk sallah, in sun tambaye ka wannan haƙarƙarin na wace dabba ne.