Zagayen Tiga da Ƙafa

Wani sabon yayi ya shigo wa samarin birni: a goya jaka, a ɗaure takalmi mai tsada, a faɗa daji da ƙafa, wai motsa jiki. Wasu har suka ci alwashin zagaye ruwan Tiga a yini guda, su leƙa bakin dajin Falgore, su dawo kafin magariba.

Wani dattijon Tarai da labarin ya iske a kasuwar Kibiya sai da ya dakata da tauna goro, ya tambayi ɗaya daga cikinsu.

"Yaro, saniyarku ce ta ɓata?"

"A'a, Baba."

"To, bashi ake bin ku?"

Nan ma a'a. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana taka sayyada zuwa Rano da ƙunshin gyaɗa a ka, bai taɓa jin an kira wannan wahala nishaɗi ba.

Su kuwa a taswirar waya suka ga ruwan, ɗan shuɗin tabo da babban yatsa ke rufewa. Ba wanda ya gaya musu cewa tun da aka gama datse Kogin Kano a 1974, zamanin Audu Bako, ruwan ya shanye fili fiye da murabba'in kilomita 170, ga gaɓa sai lungu da saƙo.

Azahar ta riske su a duwatsun Rurum, diddige ya yi bororo, kashin yawo ya cika safa, gorar ruwa ta ƙare alhali ga ruwa har iya ganin ido. Biran Falgore dai ba su sami baƙi ba ranar. Wani ɗan acaɓa ne ya kwaso su bibbiyu, ya dubi takalman, ya ninka kuɗin.