Ranar da Miya ta Ƙare

An yi wani mutum a wani gari na Turai, mai son sabon abu, mai kuma baki. Duk inda aka zauna ana hirar waya da kwamfuta, muryarsa ce a sama. Kukansa kullum ɗaya ne: kamfanoni biyu, Google da Apple, sun mamaye wayoyin duniya, su ke yanke abin da za ka saka a wayarka, su ke kuma yanke ranar da za ta tsufa. Gaskiya yake faɗa, kuma Allah ya ba shi iya faɗinta.

A farkon 2013 sai ga labarin da ya daɗe yana jira. Kamfanin Canonical na attajirin nan ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, wanda tun 2004 yake fitar da babbar manhajar kwamfuta ta Ubuntu kyauta, ya ce zai shigar da ita cikin waya. Burin ba ƙarami ba ne: waya guda a aljihunka, in ka isa wurin aiki ka jona ta da babban allo da madannai, ta zama cikakkiyar kwamfuta. Ga shi manhajar mai buɗaɗɗen tushe ce, wato rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, lasisinta ya yarje wa kowa ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu.

Mutumin nan ya yi murna har ya hana maƙwabta sakat. Da tsakiyar shekarar ta zo, Canonical ya nemi jama'a su haɗa dala miliyan 32 cikin wata guda don a ƙera wata waya mai suna Ubuntu Edge, shi ma ya saka nasa, domin an yi alkawarin ba shi wayar. Abin da aka tara bai kai miliyan 13 ba, aka mayar wa kowa kuɗinsa. Bai karaya ba. A Fabrairun 2015 kamfanin BQ na ƙasar Sifaniya ya fitar da wayar farko mai ɗauke da manhajar, Aquaris E4.5, yana cikin waɗanda suka fara saya. Bai tsaya nan ba, sai da ya shawo kan wata dattijuwa maƙwabciyarsa, tsohuwar malamar makaranta, ita ma ta saya.

"Malama, ki riƙe ta da kyau," in ji shi. "Wannan ita ce wayar 'yanci. Nan da shekara biyar kowa ita zai riƙe."

Ta ce, "To, ɗana, ni dai in za ta kira jikokina ta ishe ni."

Shekara biyu ana tafiya a haka. Ranar 5 ga Afrilun 2017 Shuttleworth ya sanar cewa kamfaninsa ya daina zuba kuɗi a aikin wayar. Kasuwa ba ta karɓa ba, masu ƙera waya ba su zo da yawa ba, kamfanin kuma zai mayar da ƙarfinsa inda ake samun riba. Aka rage ma'aikata. Injiniyoyin da ake biya albashi su kula da manhajar suka watse, kowa ya kama gabansa.

Ba a taɓa jin muryar mutumin nan kamar a wannan mako ba. Ya ce an ci amanarsa. Ya ce dama ya hango. Ya lissafa kurakuran kamfanin ɗaya bayan ɗaya, da yawansu kuma daidai ya lissafa. Daga nan ya jefa wayar a aljihun tebur, ya ce sai ranar da wani babban kamfani ya zo ya ɗauki aikin.

Sai dai ba duka ne mai tafiya ya tafi da shi ba. Albashi ya tafi, ofis ya rufe, amma rubutun manhajar yana nan a fili, kuma lasisin da aka sa masa ba a janye shi. Akwai kuma wani matashi ɗan ƙasar Norwe, Marius Gripsgård, wanda tun 2015 ya tara wasu 'yan sa-kai ƙarƙashin sunan UBports suna ɗora manhajar a kan wayoyin da kamfanin bai waiwaya ba, irin su OnePlus One da Fairphone 2. Su ne suka ce za su ci gaba. Ba su da yawa, mafi yawansu da rana suna wajen neman abincinsu, sai dare da ƙarshen mako suke zama kan aikin.

Da mutumin nan ya ji, dariya ya yi. "Abin da ya gagari attajirin da ya je sararin samaniya da kuɗinsa, shi yara za su yi a ɗakin kwanansu?"

Ita kuwa Malama tambaya ɗaya ta aika musu: ba ta san komai game da rubuta manhaja ba, shin akwai abin da za ta iya yi? Aka ce mata akwai, har ya fi ƙarfin masu yi. Kafin a saki kowace sabuntawa ga jama'a, ana neman waɗanda za su fara saka ta a wayoyinsu su gwada: kira yana shiga? Saƙo yana fita? Kyamara tana ɗauka? Agogon tashi yana bugawa? In wani abu ya ƙi, a rubuta abin da aka danna da farko, da na biyu, da abin da ya faru. Ta ɗauko littafi da biro kamar lokacin da take duba jarrabawa, ta fara.

Abin da 'yan sa-kan nan suka gada ba abin sha'awa ba ne. Sai da suka kafa nasu manyan kwamfutocin da ke aika sabuntawa zuwa wayoyi, suka mayar da jama'a kan shagon ƙananan manhajoji na OpenStore domin na kamfanin zai rufe. Injin da ke buɗe shafukan intanet a wayar ya zama maraya, babu mai toshe masa ƙofofin da ɓarayi ke bi, dole suka cire shi suka dasa wani. Uwa uba, manhajar tana zaune ne a kan Ubuntu 15.04, fitowar da wata tara kacal aka yi alkawarin kula da ita, kuma wa'adin ya daɗe da wucewa. Canza wannan tamkar sake harsashin gida ne alhali mutane suna kwance a ciki: kowane bango sai an tokare shi, kuma ba a so ko mutum ɗaya ya farka ya ga rufi a kansa. Sama da shekara suka yi a kai. A Agustan 2018 suka saki sabuntawar da ta mayar da wayoyin kan Ubuntu 16.04.

Labari ya kai wa mutumin nan. Ya jawo aljihun tebur, ya kaɗe ƙura, ya saka sabuntawar. Waya ta tashi lafiya. Bai ce an gode ba. Kwana kaɗan sai ya lura wani lokaci hoton da ya ɗauka ba ya fita daidai, nan take ya aika musu da doguwar wasiƙa mai zafi: wane irin sakaci ne wannan, ta yaya za a saki abu bai kammala ba?

Wani daga cikinsu ya ba shi amsa cikin ladabi: "Ɗan'uwa, mun gode da ka sanar. Don Allah ka rubuto mana matakan da ka bi kafin hakan ta faru, domin a wayoyinmu ba mu ga matsalar ba."

Ya ce ba shi da lokaci, shi ba ma'aikacinsu ba ne. Lokacin da ya ɓata wajen ba abokansa labarin wannan amsa ya ninka wanda zai ishe shi rubuta matakan. Malama ce ta zauna da tata wayar ta yi ta gwadawa har matsalar ta bayyana, ta rubuta yadda aka yi, aka gyara a sabuntawa ta gaba. Gyaran ya sauka a wayarsa kamar yadda ya sauka a tata.

A hankali aikin ya fara tsayawa da ƙafarsa. A 2019 hukumomin Jamus suka amince da gidauniyar UBports, aka samu inda gudummawar jama'a za ta riƙa shiga bisa doka. A 2020 aka raɗa wa fuskar manhajar sabon suna, Lomiri, kamfanin Pine64 kuma ya fitar da wayar PinePhone ɗauke da ita, yana ba gidauniyar dala 10 a kan kowace da aka sayar. Kamfanin Volla na Jamus shi ma ya fara sayar da wayoyinsa da ita. Malama ta ware wani ɗan abu daga kuɗin fanshonta tana aikawa duk wata. Idan sabon shiga ya zo da tambayar da aka amsa sau ɗari, ita ke sake amsawa ba tare da gajiya ba, domin ta san darajar ɗalibin da ya yi ƙarfin halin ɗaga hannu.

A Afrilun 2021 wa'adin kula da Ubuntu 16.04 shi ma ya cika, 'yan sa-kai kuwa ba su gama ƙaura zuwa na gaba ba. Wannan karon aikin ya fi na baya nauyi, domin har tsarin da ke tayar da sassan manhajar idan an kunna waya sai an musanya shi. Ga kuma wata wahalar da ba ta ƙarewa: masu ƙera waya ba sa buɗe rubutun da ke sarrafa kyamara da eriya da sauran kayan ciki, don Android kaɗai suke yin sa, saboda haka kowane samfurin waya sai an samu mutum guda da zai ɗauki nauyin daidaita shi, ya kuma ci gaba da kula da shi. In ya gaji ya ajiye, wayar ta tsaya ke nan. Jinkirin gaskiya ne, haɗarinsa ma gaskiya ne, su kansu ba su ɓoye ba. Mutumin nan ya samu abin faɗa na shekara biyu cur. Bai taɓa tambayar mutum nawa ne ke ɗauke da kayan ba.

A ƙarshen Maris na 2023 sabuwar fitowa a kan Ubuntu 20.04 ta iso. Mujallun fasaha suka rubuta cewa aikin da aka yi wa jana'iza shekara shida baya yana nan da rai. Mutumin nan ya sayi wata tsohuwar Pixel 3a, ya ɗora manhajar, ya tafi taron masu sha'awar fasaha na garinsu ya nemi a ba shi dama. Ya yi jawabi mai daɗi a kan juriya. Ya ce sun sha wuya, sun jure gori, yau ga shi sun nuna wa manyan kamfanoni iyakarsu. Aka tafa masa sosai.

Malama tana zaune a kujerar baya da littafinta a jaka. Da aka tashi ya zo ya gaishe ta, fuskarsa cike da fara'a.

"Malama, kin ji yadda na kare mu?"

Ta ce, "Na ji, ɗana, ka iya magana. Jibi za a fara gwajin sabuntawa ta gaba, kuma masu irin wayarka ba su da yawa a cikinmu. In rubuta sunanka?"

Ya ce zai duba lokacinsa. Har yau yana dubawa.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Muddin akwai mai kuɗi a gaba, masoya ba sa ƙirguwa, kuma ba a iya bambanta mai son aikin da mai son inuwar mai aikin. Ranar da ya janye ne ake gane su. Abin da ke ci mini rai a halin mutumin nan ba sukar da yake yi ba ce, domin aikin jama'a yana bukatar mai faɗa masa aibinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne yana da ilimin da ya fi na dattijuwar nan, yana da ƙarfi, yana da lokaci, amma ya zaɓi ya zama nauyi a kan 'yan tsirarun da suka riga suka gaji. Kalma mai zafi daga wanda bai ɗauki komai ba tana iya sa mai ɗauke da kaya ya sauke, kuma in ya sauke kowa ne ya yi asara, har da mai maganar.

Aikin bai ƙare ba. Kamfanonin sadarwa a ƙasashe da dama suna kashe tsofaffin layukan 2G da 3G, wayar da ba ta iya kira ta kan 4G kuwa za ta koma abin ajiya, saboda haka 'yan sa-kan suna fama da wannan samfuri bayan samfuri. Hannuwan da ke yi har yanzu kaɗan ne.

Labarin waya na bayar, na mutanen wata nahiya. Ban kira sunan wata ƙungiya ba, ban ambaci wani aikin gayya da mai ɗaukar nauyinsa ya janye aka bar mutum uku suna fama ba. In wani ya ji zuciyarsa ta motsa, to dama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ba tonon asiri nake nema ba. Masu aikin ba su taɓa tambayar kowa inda yake jiya ba, abin da suke tambaya shi ne me zai ɗauka yau. Ya je ya ɗauki wani abu, komai ƙanƙantarsa, ya kai shi inda ya ce zai kai.