Mun Gaji Malmala, Ba Mu Gaji Fartanya Ba

Mu dai Allah Ya hore mana iya neman mai laifi. Da likita ya ce wa ɗayanmu yana da ciwon suga, kafin ya kai ƙofar asibiti ya gama shari'a: "Ai gado ne, haka Baba ya yi fama, haka Gwaggo." Shi ke nan, an wanke cokali, an ɗaure kakanni. Da magariba kuwa ga shi a teburin mai shayi, a yi masa kauri, a ƙara suga, wai bakinsa ba daɗi.

Ba ƙarya ya yi ba fa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Irin sugan nan da ya fi kama manya, wanda shi ke damun kusan tara cikin goma na masu ciwon, yana bin jini sosai, kuma wanda uwarsa ko ubansa ke da shi ya fi kusa da kamuwa. Abin da muke ɓoyewa shi ne har tukunyar gidan muka gada. Kaka ya tashi da malmala uku ya nufi gona da ƙafa, mu ma mun tashi da uku, sannan muka hau babur zuwa masallacin da muke jiyo ladaninsa daga kan katifa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sugan da babba ke sha a yini ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in son samu ne 6. Lemon kwalba guda yana ɗauke da wajen 9, mu kuwa baƙon da ba a buɗe wa kwalba ba ai an wulaƙanta shi. Ga zoɓo, ga kunun zaƙi, furar ma yanzu sai da suga, balle a kawo gara a baje alkaki da nakiya, har mai ciwon sai ya ce ɗanɗanawa kawai zai yi.

In mutum ya ajiye tumbi mu ce Alhaji ya samu kwanciyar hankali, in ya rage ƙiba mu bi shi da "lafiya kuwa?" Wanda ya kamu kuma sai ya koma tuwon alkama ya ninka malmala, ya bar suga ya rungumi zuma, kamar ita gishiri ce, ya kora da ruwan shuwaka ya ajiye maganin asibiti.

Alhali a Amurka, wani bincike da aka fitar a 2002 ya nuna masu dab da kamuwa da suka rage ƙiba kaɗan, suna motsa jiki minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, da gadonsu da komai.

To ɗan'uwa, gobe kafin ka karya, biya asibiti a ɗan huda maka yatsa a auna. Mai shayi ba inda za shi, zai jira ka.