Lalitar da Ba a Gani: Shawarwari ga Sabon Ɗan Kirifto a Ƙauyukan Jazira da Shuɗin Nilu

Ƙauyukan Hausawa da ke warwatse tsakanin Wad Madani da Damazin, tun daga Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa unguwannin 'yan ƙodago da ake kira kambo, waɗanda suka tsiro a gefen gonakin auduga bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, sun saba da dukiyar da hannu ke iya taɓawa, wato buhun dawa da na riɗi, kwale-kwalen su, tunkiyar kiwo da zinariyar mata. A 'yan shekarun nan ne wata dukiya ta kutso cikin hirar samari, wadda ba ta da nauyi balle a nemi ɗan dako, ɓera ba ya cinta, damina ba ta jiƙa ta, amma tana iya ramewa da rabi tsakanin Azahar da La'asar alhali mai ita yana zaune bai motsa ba. Ba kwaɗayi kaɗai ne ya kawo ta ba. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam na Sudan, wanda ake kira jine, daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, a watan Yulin shekarar kuma hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari, sannan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe bankuna da dama, ya kai dala sama da jine 2,000 a kasuwar bayan fage cikin 2024. Wanda ya sayar da gyaɗarsa da kaka, ya tarar da bazara kuɗin ba sa sayen rabin abin da ya sayar, yana da hujjar neman wata ma'ajiya, kuma ya cancanci shawarar da za ta tsare masa gumi.

Kafin sabon shiga ya fara koya wa kawunsa, wanda shi ne aikin da kowane sabon shiga ke farawa da shi tun a makonsa na farko, ya dace ya san abin da ya saya. Kuɗin kirifto lamba ce da aka rubuta a wani kundi na haɗaka, kuma kundin ya yi kama da littafin bashin mai shago da aka kwafe shi a gidaje dubu, ta yadda duk cinikin da aka yi sai an shigar da shi a kowane kwafi, wanda ya goge shafi a nasa kuwa sauran za su ƙaryata shi. Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009 a hannun wani mai suna na aro Satoshi Nakamoto, an ƙayyade cewa adadinsa ba zai wuce miliyan 21 ba, kuma farashinsa ya kusa dala 69,000 a Nuwamban 2021, ya faɗo kusan 16,000 bayan shekara guda, ya sake haura 100,000 a Disambar 2024. Akwai kuma irin wanda aka ɗaure darajarsa da dala, kamar USDT na kamfanin Tether, wanda aka tsara kowane guda ya tsaya a kan dala ɗaya. Mai neman kuɓuta daga faɗuwar jine na biyun yake nema, mai neman na farkon kuwa ya fara auna ƙarfin zuciyarsa, domin mai hawan jini bai kamata ya riƙe abin da ke sa mutum duba waya sau arba'in kafin karin kumallo ba. Ɗauri da dala ma alkawarin kamfani ne, kuma an ga alkawari irinsa ya tsinke a watan Mayun 2022, lokacin da TerraUSD ya ruguje cikin 'yan kwanaki.

Game da abin da za a zuba, ƙa'idar gajera ce kuma ba ta da togaciya. Kuɗin iri da na taki, sadakin da ake tarawa, adashen uwargida da ragon Layya ba sa shiga waya, ko da saurayin da ke bayani ya rantse cewa wannan karon hawan ba shi da sauka.

Ciniki kansa shi ne inda ƙauye ya bambanta da birni, domin a ƙauye dukiyar ba ta zama abinci sai ta tsallake gadoji uku, kuma a bakin kowace gada akwai mai karɓar rabonsa. Ɗan'uwa da ke aiki a Jidda ko Riyad zai sayi USDT da riyal ya tura, wanda aka tura wa zai sayar wa dillali, dillali zai sa masa jine ta Bankak, wato manhajar Bankin Khartum da akasarin jama'a ke biyan kuɗi da ita, sannan sai a nemi mai tsabar kuɗi da zai karɓi na waya ya ba da na takarda bayan ya yanke kasonsa, kason da ke ƙara kauri duk lokacin da takarda ta yi ƙaranci, kamar yadda aka gani bayan canjin takardun jine 500 da 1,000 a Disambar 2024. Saboda haka mai lissafin riba ya yi lissafinsa daga ƙarshen hanya, wato a kan mudun dawar da zai shigo gida, ya bar lambar da ke ƙyalli a fuskar waya ga masu ɗaukar hoto. Idan zai yi ciniki da baƙo ta kasuwar mutum da mutum, inda manhaja ke riƙe dukiyar a tsakiya har sai mai saye ya biya, kada ya saki kayansa don an turo masa hoton shaidar biya, domin hoton shaida ya fi sauƙin ƙerawa fiye da shayi, sai ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin sun zauna da idonsa. Idan zai tura wa wani, ya fara da ɗan kaɗan na gwaji, ya duba farko da ƙarshen adireshin, ya kuma tabbatar hanyar da ya zaɓa, Tron ce ko Ethereum, ita ce mai karɓa ke jira, domin abin da ya tafi inda ba a nufa ba, ba sarki ko alƙali da zai dawo da shi.

Sai matsalar sabis, wadda masu tallar kirifto a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ba sa ambatonta. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da Sudani da MTN sun mutu a mafi yawan ƙasar, a wasu sassan Jazira kuma aka daɗe ba su farfaɗo ba, har mutane suka koma biyan kuɗin awa don zama kusa da faifan Starlink. A irin wannan rana attajirin waya da wanda ba shi da ko sisi layi ɗaya suke bi wurin mai agashe, kuma wanda ke da tsabar jine a aljihu shi ake fara yanka wa nama. Mai hankali yana barin abin cefanen mako biyu a hannu, da hatsi a rumbu.

Tsaro shi ne babin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Lalitar kirifto iri biyu ce, akwai wadda kamfani ke riƙe wa mutum mabuɗinta, akwai wadda mutum ke riƙe da kansa, kuma waɗanda suka bar dukiyarsu a kamfanin FTX sun wayi gari a Nuwamban 2022 ƙofa a rufe. Wanda ya zaɓi riƙon kansa za a ba shi kalmomi 12 ko 24 a jere, kuma waɗannan kalmomi su ne dukiyar baki ɗaya, domin duk wanda ya same su zai buɗe lalitar daga kowace waya a duniya, wanda ya ɓatar da su kuwa ya ɓatar da komai idan wayar ta faɗa kogi, ko da an tsamo ta. Ba a ɗaukarsu hoto, ba a tura wa kai ta WhatsApp, ba a karanta wa mai gyaran waya a kasuwar Sinja, ba a kuma dogara da hadda kaɗai, ko da mutum ya sauke tun yana ɗan shekara goma sha biyu, domin waɗannan kalmomi ba wanda zai gyara wa mutum idan ya tsallake ɗaya. Ana rubuta su da alƙalamin da ruwa ba ya wankewa, a takarda biyu, a ajiye a wuri biyu, tare da tuna cewa takarda a ƙauye tana da maƙiya huɗu da ba su san darajar dala ba, wato gara, akuya, ambaliya, da yaron da aka aika ya nemo abin hura wuta. Wanda ya ɗinke takardar cikin fata ya yi dabara, muddin bai rataya wa jinjiri ita ba, kuma muddin ya gaya wa uwargida cewa ba maganin ƙarin aure ba ne, domin layar da ba a yi bayaninta ba takan ƙare a murhu. Wani mutumin Newport a Birtaniya ya yi shekaru sama da 10 yana neman izinin tone jujin garinsu, saboda an zubar da ma'ajiyar kwamfutarsa mai ɗauke da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000 a 2013, kotu kuma ta kori ƙararsa a Janairun 2025, alhali shi ba gara a garinsu.

Akwai ɓangaren wannan babi da ba ya ɗaukar dariya. A lokacin yaƙi masu bindiga a shingayen hanya sun sha binciken wayoyin matafiya, kuma manhajar da ke nuna dukiya a fili tana jawo wa mai ita haɗari, don haka wanda zai yi tafiya ya cire ta, tun da kalmominsa za su dawo masa da ita in ya sauka lafiya. Haka kuma mutuwa ba ta sallama, kuma dukiyar da magada ba su san hanyarta ba ta zama haƙƙin marayu da aka binne da mai shi. Ya wajaba a sanar da amintacce guda inda takardar take, a kuma ambace ta a wasiyya.

Masu damfara ba su buƙatar dogon bayani, domin alamarsu ɗaya ce tun zamanin MMM a 2016 har zuwa CBEX da ya rufe da kuɗin dubban 'yan Nijeriya a Afrilun 2025, wato alkawarin riba tabbatacciya da ladan kawo dangi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Su kuwa wasannin taɓa waya irin Hamster Kombat, wanda ya cinye yatsun samari daga Kano har Sudan a 2024, mai yinsu ya lissafa kuɗin data da na caji kafin ya kira abin sana'a, ya kuma tuna cewa yatsan da ya yi wata uku yana dungurar gilashi zai iya tsinkar auduga.

Muhawarar daraja ita ce ke cika majalisa bayan Isha'i, kuma tana da ladabinta. Dattijo zai ajiye finjalin gahawa ya ce, "Ɗana, nuna mini shi in taɓa," saurayi kuma zai amsa, "Baba, ai na Bankak ma ba ku taɓa shi ba, ga shi kuna sayen sukari da shi." Kowannensu ya faɗi rabin gaskiya, kuma saurayin da ke son a saurare shi ya rage murya, ya kuma nemi misalinsa a tarihin kakannin da suka taso daga Sakkwato da Kano, waɗanda suka yi ciniki da wuri, ƙwanson teku da ake kawowa daga tsibiran Maldibis, ba a cinsa, amma matafiyi Barth ya tarar a Kano a 1851 ana ba da guda 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya. Darajarsa yardar jama'a ce da ƙarancinsa, kuma da 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wurin Zanzibar jirgi bayan jirgi, sai ya karye har dakonsa ya kusa fin ƙimarsa. Wannan tarihi yana taimakon saurayi, domin ya nuna cewa abin da ba ya ciyuwa yana iya zama kuɗi, yana kuma taimakon dattijo, domin ya nuna cewa yarda tana janyewa, kuma sababbin kuɗin kirifto da ake ƙirƙira dubbai a kowane wata sun fi kusa da jiragen Zanzibar fiye da Bitcoin mai iyaka. Wanda ya kawo misalin ya kawo shi duka, kada ya tsaya a rabin da ya yi masa daɗi.

Idan liman yana wurin, magana za ta koma kan hukunci, kuma nan ma an rabu. Muftin Masar na lokacin, Shauƙi Allam, ya haramta cinikin Bitcoin a farkon 2018, yana kafa hujja da garari, wato jahiltar abin da ake saye da ƙarshensa, da kuma kusancinsa da caca, yayin da majalisar malaman hukumar kasuwar hannun jari ta Malesiya ta halatta cinikinsa a kasuwanni masu rajista a 2020. Babban Bankin Sudan kuma ya gargaɗi jama'a a watan Maris na 2022 cewa dokar ƙasar ba ta ɗauki waɗannan lambobi a matsayin kuɗi ba, ma'ana wanda aka cuta ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa cikin sauƙi. Sabon shiga ya tambayi malamin da ya amince da shi kafin ya saya, ba bayan ya yi asara ba, domin an lura cewa fatawar haramci ta fi samun masu karɓa a makon da farashi ya faɗi. Wanda ya bi masu halattawa kuwa ya sani cewa su ɗin ne suka ce akwai zakka a kai, wato kashi biyu da rabi cikin ɗari idan dukiyar ta kai ƙimar giram 85 na zinariya, shekara kuma ta zagayo a kanta. Saboda haka mai bayyana adadin dalolinsa a majalisa ya tabbata ya shirya, domin liman yana lissafi a zuci, maƙwabci yana tuna rufin ɗakinsa da ke yoyo, kuma kafin gari ya waye gwaggonsa za ta aiko yaro da saƙon cewa bikin autarta ya matso.