Tukunya Ɗaya, Harshe Huɗu

Turu, kusa da Paraku
Jamhuriyar Benin

Zuwa ga Kaka, uwargida ran gida,

Ya sanyin Tsibiri, ya kuma ƙafar taki? An ce tun da na taho kin daina ƙunshi, wai maigida ya yi nisa. Ki koma kwalliyarki, tsohuwa, ban yi miki kishiya ba tukuna. Auta, ke mai karanta mata, ki ɗaga murya, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Kin aiko a tambaye ni inda nake kwana da wanda ke dafa mini tuwo. Ina zaune a Turu, yamma da Paraku, a bakin hanyar Zugu. Akwai filin jirgin sama da aka gina a nan, amma mu haya mai sauƙi ce ta kawo mu. Mu huɗu ne a ciki da falo, jaka 20 a wata, kowa biyar. Da safe in shiga kasuwar Arzeke da albasata, da magariba in dawo in tarar da ƙabilu uku suna jiran miya.

Na farko Bayarabe ne daga Cawuru, makanikin babur. Ranar da ya ga tsagen fuskata ya buga tsalle, ya ce Allah ya kawo masa bawansa har gida. Na ce a tambayi kowa, tun kaka da kakanni Bagobiri ne ubangidan Bayarabe. Har yau ba a yanke shari'ar ba. Ranar girkinsa kuwa, Kaka, manja da tarugu ne ke mulki, kowa na ci yana share hawaye, shi yana cewa ai bai sa komai ba, ya tausaya wa baƙi.

Na biyu Badande ne, ɗan Zugu, yana kabu-kabu, wanda a nan ake kira zemijan. Babur ɗinsa a falo yake kwana, a lulluɓe da zane, shi kuma a kan tabarma a gefensa. Wanda ya taɓa madubin ya taɓo faɗa. Minsharinsa kamar injin niƙan bakin kasuwa, har mai gidan ta taɓa leƙowa cikin dare ta tambaya wa ya tada babur. Amma shi ne bakinmu a gari, domin Dandanci ne harshen ciniki a Paraku da Zugu, kuma ɗan Zabarmancin da na tsinta a Dosso yana taimakona in bi zancen.

Na uku Bafillace ne daga wajen Nikki, ɗalibi a Jami'ar Paraku. Shi ne ke cinye mana katin wuta da karatun dare. In aka sa abinci sai ya ce ya ƙoshi, kunya ta hana. In an kashe fitila sai a ji murfin tukunya yana motsi. Mun yafe masa, saboda duk zuwa gida yana dawowa da cukun da innarsa ke yi, wagashi, wanda ake soyawa a jefa a miya.

Mai gidan tsohuwa ce ƴar Bariba, sa'arki. Da sabuwar doya ta fito sai ta aiko mana da sakwara, ta tsaya a ƙofa sai ta ga an lashe kwano. Kada ki yi kishi, ta fi ki iya daka, kin fi ta iya fura.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, haka kika sha faɗa mana. Mun saɓa a kan sabulu, a kan guga, a kan wanda ya bar tukunya da ƙanzo. Sai na kawo dokar gidanki: gwangwani ɗaya na cefane, kowa ya jefa dala 100 kullum, wanda ya dafa ba ya wanke-wanke, ba a kwana da fushi, ko da tafinta sai an sasanta. Kin san abin da ya fi taɓa zuciyata? Bayaraben nan Kirista ne, amma da azumi shi ke tashin mu sahur, ya ɗora ruwan shayi, ya koma barcinsa. Ran Lahadi kuma ɗan Zugu ke kai shi coci, bai taɓa karɓar ko dala ba. Da zazzaɓi ya kwantar da ɗalibin, kuɗin gwangwanin ne ya sayi magani, muka yi mako muna cin garin rogo, ba wanda ya yi ƙorafi.

Dattawan Zangon Paraku sun ce ba mu ne farau ba. Fataken da suka dinga zuwa Gwanja sayen goro ta nan suke bi, su yada zango a Paraku da Zugu, su kwana gidan mutanen da ba su san harshensu ba, kafin su wuce Salaga. Da na ji haka sai hankalina ya ƙara kwanciya, ke ma naki ya kwanta.

Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 saƙo sai ta kwale-kwale, don haka ki rage nauyin ƙullin da za ki aiko mini. Kuka, daddawa da yaji sun isa. Ki ƙara kilishi kaɗan, na yi wa Bayarabe alkawarin zai ɗanɗana abincin iyayengijinsa. Ga turmin atamfa nan wajen direban da ke kai saƙo, mu huɗu muka zaɓa, an kusa dambe kan launi.

Ki gaishe da Inna da Baba, da Kawu, da liman, da duk ƴan gida. Abokan zamana suna gaishe ki, kowa da harshensa, kuma kowannensu ya ce in gaya miki shi ma yana ciki in kin gaji da jira. Na ce su nemi tasu kakar. Ki sa mu huɗun a addu'a.

Naki har kullum,
Jikanki, maigidanki na Turu