Awa Biyu a Tsaye Saboda Minti Biyu da Rabi

Duk wanda ya ce maka ya je Disney ya yi wasa, tambaye shi sau nawa ya samu wurin zama. Tsayuwa ya je yi. A Magic Kingdom da ke kusa da Orlando a jihar Fulorida, wanda aka buɗe a 1971, sama da mutum miliyan 17 ke shiga a shekara, kuma kusan kowa abu guda yake son hawa a lokaci guda. Jirgin Space Mountain, da ke zabga gudu da mutane cikin duhu tun 1975, minti biyu da rabi yake yi ya sauke ka. Layinsa kuwa, in an yi hutun makarantu, sai ya ci awa ɗaya da rabi, wani lokacin biyu. Mu da muka sha layin mai, muka sha na ATM a 2023, ba a yi layin da zai razana mu ba. Bambancin kawai, wannan sai ka sayi tikitin da ya haura dala 100 kafin a ba ka izinin tsayawa a cikinsa.

Masu wurin sun san aikinsu. Ba sa barin layi ya miƙe, kada ka hango tsawonsa gabanka ya faɗi. Nannaɗe shi suke yi da ƙarafa da igiyoyi, a je gabas a dawo yamma, a shiga lungu, a ɓulla wani zaure. Kana cewa ga ƙarshe nan, sai ka sha kwana ka tarar da wani ɗakin maƙil da jama'a. Sakamakon wannan nannaɗiya shi ne fuskokin da ka gani yanzu za ka sake cin karo da su duk bayan minti biyar. Kafin a kai gaba ka san kowa, ka san halinsa, ka san wanda matarsa ke fushi da shi.

Wanda za ka fara ganewa shi ne Akawu. Tun watanni kafin tafiyar ya zana jadawali: ƙarfe kaza a farka, ƙarfe kaza a kasance a bakin ƙofa kafin a buɗe, har lokacin shiga banɗaki ya rubuta. Idonsa na kan manhajar My Disney Experience, yana bin mintunan kowane layi kamar mai sauraron sakamakon zaɓe. Bai yarda da allon da ke bakin layi ba. In an rubuta minti 90, zai ce ƙarya ne, ƙarawa suke yi don in ka yi 70 ka fito kana murna, kuma sau da yawa yana da gaskiya, abin da ya fi komai ɓata wa iyalinsa rai ke nan. Yana ƙirga kawunan da ke gabansa, yana raba su da yawan kujerun jirgi, yana sanar da sakamakon ba tare da an tambaye shi ba. A da ma'aikata kan miƙa wa wani a bakin layi jan kati mai igiya ya rataya a wuya, in ya isa gaba ya mayar, da haka ake auna daɗewar layin. Ranar da katin nan ya faɗo hannun Akawu, ko ranar aurensa bai yi irin wannan fara'ar ba.

A bayansa akwai Masani. Shi ya zo wurin ba adadi, kuma Allah ya jarrabce shi da son bayani. Zai nuna wa yaranka siffar kan Mickey, ɓeran Disney, da aka ɓoye a jikin bango, da'ira uku, babba da ƙanana biyu. Zai gaya maka fatalwowin Haunted Mansion 999 ne. Har nan ba laifi. Matsalar sai ya zo kan Space Mountain: "Ka san gudunsa bai wuce kilomita 45 a awa ba? Duhu ne ke ruɗar mutane. Bayan kwana ta biyu za ka ji an gangara, daga nan sai..." Bawan Allah, mota a titin unguwa ta fi wannan gudu, mun ji, amma mun biya kuɗi ne don a tsorata mu, ka ƙyale mu da jahilcinmu.

Sai Uban Tafiya, wanda aljihunsa ya ɗauki nauyin komai. In ɗan ƙasarmu ne za ka gane shi daga leɓɓansa: suna motsi, ba tasbihi yake ba, dala yake juyawa zuwa naira. Ya haɗa kuɗin jirgi da na otal da tikitin mutum shida, ya raba da mintunan yini, ya gano abin da kowane minti na tsayuwar nan ke ci masa. Saboda haka ba ya jure ganin yaro ya ɓata fuska. "Abba, na gaji." "Ka gaji? Ka san nawa na biya? Wallahi yau sai kun ji daɗi, ko kuna so ko ba ku so. Yi dariya in ɗauke ka hoto." Uwargida ta ce, "Haba Alhaji, yaro ne fa, rana ta yi yawa." Ya ce ai ranar ma da kuɗinsa ya saye ta. Ni dai ina tausayin mutumin nan fiye da kowa a layin. Hular kunnuwan ɓera ce a kansa, an tilasta masa sakawa, gumi na bin wuyansa, jakar kowa na rataye a kafaɗarsa, kuma da an koma gida abin da yaran za su riƙa tunawa shi ne tafkin wankan otal.

Mai Ciye-ciye ba shi da damuwa. Cinyar talotalo ce a hannunsa, irin ƙatuwar nan da aka banɗa da hayaƙi, ga bokitin gugguru a wuya. Shi layi wurin walima ne. Illarsa guda: duk yaron da ke kewayen, wanda aka ciyar minti ashirin da suka wuce, nan take yunwa za ta kama shi.

Akwai wasu biyu da ba a raba su, duk da ba su san juna ba: Mai Waya da Mai Tsaki. Mai Waya ya dulmiya cikin allonsa, layi ya matsa, shi bai matsa ba, har fili ya buɗe a gabansa wanda zai ɗauki mutum takwas. Mai Tsaki na bayansa yana ta huci. Ya yi gyaran murya. Ya yi tsaki. Ya matso har numfashinsa na dukan ƙeyar Mai Waya. Ya juya ga na bayansa yana neman shaida: "Kana ganin ikon Allah?" In ka zauna ka yi tunani, filin nan ba ya ƙara wa kowa ko daƙiƙa guda, domin jirgi ba ya tashi da wuri don an matse. Amma gwada faɗa wa Mai Tsaki haka ka gani. Shi taku uku da aka hana shi haƙƙinsa ne, kuma zai bi kadinsa.

Ayarin matasa kuwa sukan ɗora waya a goshi suna wasan Heads Up, ɗaya na cankar kalma, sauran na ihu suna kwaikwayo. Minti goma na farko kowa murmushi yake. Bayan awa guda har wanda bai taɓa yin wasan ba ya san amsar, yana ji kamar ya faɗa musu a huta.

Kada a manta da Ɗan'uwan Na-gaba. Yakan taho daga baya yana ratsa mutane a karkace, hannu ɗaya a sama yana ɗaga wa wani da babu wanda ke gani: "Afuwan, iyalina na gaba. Afuwan." Wani gaskiya ne, yaro ya kai banɗaki. Wani kuma mutum guda aka aiko ya riƙe wuri, sai an kusa kaiwa dangi tara su bayyana, kowa da askirim ɗinsa. Baturen Amurka ba ya cika cewa uffan, sai dai ya harare su ya rubuta ƙorafi daga baya. A wani wurin da tuni an ci kwalar riga.

Na fi jin daɗin kallon Jarumi. A bakin layi shi ne mai baki: wannan ai wasan yara ne, shi da ya hau Formula Rossa a Abu Dhabi mai gudun kilomita 240 a awa. Yana tsokanar ƙanwarsa, yana cewa in ta yi kuka zai ɗauka a waya. Ana matsawa, ihun waɗanda ke ciki na ƙara fitowa fili, maganarsa na raguwa. Sai ya tsaya karanta allon gargaɗi da natsuwar da bai taɓa karanta takardar jarrabawa da ita ba: masu hawan jini, masu ciwon zuciya, masu ciwon baya ko wuya. Sai ya shafa wuyansa. Sai ya tuna jiya da dare ya ɗan ji wani abu a nan gefen. Da aka zo bakin jirgi ya matsa kusa da ma'aikaciya ya yi ƙasa da murya. Ita ta saba, ta nuna masa wata ƙofa a gefe da aka tanada don irinsa. A waje za ka same shi riƙe da jakunkuna, yana cewa ai dole wani ya tsare kaya. Ƙanwar tasa ta fito tana neman a sake.

Akasinsa shi ne ƙaramin yaron da ke mutuwar son hawa amma sandar awo ta ƙi shi. Space Mountain sai mai tsawon inci 44, wato santimita 112. Saura ɗan yatsa guda ya kai. Uwar ta sa masa takalmi mai tudu, ta tayar masa da gashi, ta raɗa masa ya miƙe wuya ya ja numfashi. Ma'aikacin ya durƙusa yana murmushi, ya duba tsakanin kan yaron da sandar, ya ga haske. Shi ke nan. Wanda ya kai tsawon kuma yana da tasa dabarar: zai yi shiru awa ɗaya da minti arba'in, sai saura mutum biyar a gabanku ya ja rigar uwarsa ya ce, "Umma, fitsari."

Duk waɗannan, da masu faɗa da masu tsaki, abu ɗaya ke haɗa kansu, shi ne ƙyamar mutanen ɗaya layin. A 1999 Disney ta fito da FastPass: ka karɓi 'yar takarda mai ɗauke da lokaci, ka tafi yawonka, ka dawo ka wuce, kuma kyauta. An dakatar da shi lokacin korona a 2020, da aka dawo a 2021 sai ya zama na kuɗi, da sunan Genie+ da Lightning Lane. Yanzu igiya guda ce tsakaninka da su. Su ma iri biyu ne. Akwai mai kunya, wanda ke wucewa kansa a sunkuye kamar ya ci bashin kowa. Akwai kuma mai taƙama, rigarsa a bushe, yana tafe yana kallon 'yan layin talakawa ɗaya bayan ɗaya. Uban Tafiya ya bi shi da ido, leɓɓansa suka soma motsi, ya lissafa na mutum shida, ya ce ai tsayuwa ma motsa jiki ce.

Da bazara, in yamma ta yi a Fulorida ba a rabuwa da hadari. In walƙiya ta matso, jiragen da ke fili irin su Seven Dwarfs Mine Train tsayar da su ake yi. Sai ka ji lasifika ta yi ƙara, wata murya mai zaƙi ta ba da haƙuri, ta ce ba a san lokacin da za a ci gaba ba. A nan Mai Naci ke bayyana. Rabin layi ya watse, shi ko gezau. Ya zuba minti tamanin a wurin nan, ba zai bar su su tafi a banza ba, gara ya ƙara musu wasu tamanin. Ya zauna dirshan a ƙasa, ya jingina da ƙarfe, ya tuɓe takalmi. Duk wanda ya fita sai ya ce, "Madalla, an rage." Matarsa ta ce yaran sun yi barci, su tafi. Ya ce ta duba gabansu, saura mutum goma sha biyu kacal, in aka buɗe su ne a jirgi na biyu. Ta ce in ba a buɗe ba fa? Ya ce to ai su ne na farko da za su sani.