Ƙanena, Kafin Ka Hau Motar Yamai

Tun da manyan motoci suka daina hawa gadar Malanbil, hirar majalisa a Gaya ta koma guda ɗaya: wane ya tafi Yamai, wane yana ɗaure kaya, wane ya je har ya dawo. Shekaranjiya ƙanen wani abokina ya same ni a gindin mangwaro. Yaron nan ya daɗe yana cin abinci a bakin duwan, wato ofishin kwastan, yana cike wa masu kaya takardu, yanzu kuwa biro ya bushe a aljihunsa. Ya gaishe ni ya ce, "Yaya, na yanke shawara." Na ce masa, "Zauna tukuna. Wanda ya yanke shawara da gaske ba a gindin mangwaro ake ganinsa ba, a tasha ake ganinsa." Abin da na faɗa masa shi ne zan maimaita a nan, don na san ba shi kaɗai ke kwana da wannan tunani ba.

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki daga hannun Mohamed Bazoum, kwana huɗu bayan haka ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, iyakoki suka rufe, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe. Kayan da a da suke sauka a Kwatano su biyo ta ƙofar gidanmu, suka koma sauka a Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, su shiga Yamai ta hanyar Tera, ko ƙurarsu Gaya ba ta gani. Ta ɓangaren gabas kuma, tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Bola Tinubu ya cire tallafin man fetur, naira ta bi ta faɗi, mutanen Kamba da ke zuwa sayen dilolin gwanjo suka ga sefa ta yi musu tsayi. Garin da ya saba ci da hannu biyu aka ɗaure masa dama da hagu a shekara guda. 'Yan dako, masu abinci, masu faci, masu gadin mangaza, kowa ya ji a jikinsa.

To, ga yadda ake lissafin tafiyar. Ka samo takarda da biro, ka nemi inuwa, ka kashe waya. Kashe wayar wajibi ne, domin a cikinta ne ɗan kawunka na Yamai yake jingine da mota yana murmushi. Motar nan, in ka duba da kyau, ba a taɓa ganinsa a cikinta ba, kullum a gefenta yake.

A saman takardar ka rubuta abin da aka ce za ka samu. Mafi ƙarancin albashi a hukumance, tun farkon 2024, jika 42 ne a wata. A ce kai ka yi sa'a an yi maka alkawarin jika 70. A kunnen mutumin Gaya na yau wannan kuɗi ne mai daɗin ji, har ka fara zaɓar wa uwargida atamfa a zuci. Kanawa kan ce hangen Dala ba shiga birni ba. Su dutsensu suke nufi, amma mu da muke ƙirga kuɗi da dala maganar ta fi kama mu: dalar da kake hange daga nisan kilomita kusan 300 ba ta shiga aljihunka ba tukuna, kuma akwai masu jiranta a hanya.

Yanzu ka juya takardar, nan ne aikin yake. Ka rubuta duk abin da kake ci a Gaya ba tare da ka sa hannu a aljihu ba. Ɗakin da kake kwana a gidan mahaifinka. Rogon da ake haƙowa a gonar bayan gari. Raken da maƙwabci ke miƙo wa yaranka ta kan katanga. Kifin da abokinka masunci ke jefa maka a leda, in ka ce nawa ne ya ce kada ka ɓata masa rai. Murucin da yara ke ci suna wasa. Ƙafarka da ke kai ka kasuwa, ta kai ka masallaci, ta kai ka gaisuwar mutuwa, duk kafin azahar. Gwaggon da ke riƙe jinjiri in matarka ta fita. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ɗan'uwa a Yamai, kuma ɗan'uwan nan da farashi a goshinsa yake yawo. Ɗaki sai haya, kuma mai gida ba wata ɗaya yake so ba, sai ka ba da na gaba, ka ajiye na jingina, dillalin da ya nuna maka ƙofar shi ma ya karɓi nasa. Ruwa, in unguwar ba famfo, sai ka saurari ƙarar ɗan garuwa da asuba kamar mai jiran baƙo. Wuta kuwa, in mita ɗaya ce ta gidan haya, ka shirya zaman shari'a kowane ƙarshen wata: mai firji ya ce nasa ƙarami ne, mai dutsen guga ya rantse tun sallah bai kunna ba, kai mai ƙwan fitila ɗaya da cajin waya a raba da kai daidai. Sannan mota. Yamai gari ne mai faɗi, wurin da haya ke da sauƙi nesa yake da wurin da aiki yake, don haka motocin faba-faba da tasi za su ci tare da kai safe da yamma, kuma ba sa taɓa cewa sun ƙoshi.

Ka cire na bayan takarda daga na gabanta. Abin da ya rage shi ne albashinka na gaskiya. In ya fi abin da kake samu yanzu, ci gaba da karatu da fara'a. In bai kai ba, ka ci gaba da karatu duk da haka, akwai sauran magana.

Sai batun masauki. Babu ɗan Gaya da ba shi da ɗan'uwa a Yamai, kuma duk suna cewa "ka zo kawai." Da zuciya ɗaya suke faɗa, Allah ya saka musu. Amma kafin ka amsa, ka tambaye shi abu uku: ku nawa ne a ɗakin, wa ke biyan haya, kuma ina kake kwana in ana ruwa. In ya amsa biyun farko da dariya, na ukun ya ce layi ba kyau, ka fahimci ɗakin ya cika. Baƙo raɓa ne, kuma raɓar birni da wuri take bushewa. Hanyar ƙara mata kwana ita ce tsaraba. Kwandon busasshen kifi yana saya maka mako guda na sakin fuska. In ka haɗa da gishirin Foga da ɗaurin rake, matar gidan da kanta za ta ce wa mijinta ya bar ka ka huta. Bayan nan kuma sai ka fara sa hannu a cefane ba tare da an tambaye ka ba, don ranar da aka tambaya, ka riga ka makara.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: me kake riƙe da shi a hannu? In ka ce "kowane aiki zan yi," to ba ka da aiki ke nan, kuma gabanka akwai layin mutane daga Tawa da Dogon Dutsi da Filinge waɗanda su ma kowane aiki za su yi. Magini, mai walda, bakanike, tela, direba mai lasisi, waɗannan birni yana buɗe musu ƙofa ko ana cikin matsi. Kai kuma ɗan iyaka kana da wata dukiya da ba ka cika ƙirga ta ba. Bakinka na Dandi ɗan'uwan Zabarmanci ne, ranar da ka sauka za ka yi ciniki ba tafinta. Hausarka za ta yi maka jagora a kasuwannin Katako da Wadata. Kana juya naira zuwa sefa a ka kafin mai na'ura ya gama danna lambobi, ka san takardar kaya ta gaske ka san ta bogi. Akwai 'yan kasuwar da ke neman irin wannan yaro. Ka neme su tun kana gida, ta bakin tsofaffin iyayen gidanka na bakin duwan, ka ji "zo ranar Litinin" daga bakin mai shago, ba daga bakin abokin yaron mai shago ba.

In ka je duba ɗaki, kada ka kalli fenti, ka kalli gindin bango. Kogin da ka sani a Gaya shi ne dai a Yamai, kuma can ma ba ya neman izini. A daminar 2020 ya shiga unguwannin bakin ruwa ya raba dubban mutane da gidajensu, a 2024 ma ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a ƙasar. Ɗakin da ya yi arha fiye da na maƙwabtansa a Harobanda ko Saga yana da labari, kuma labarin a rubuce yake a bango, layi ne mai launin ƙasa daidai gwiwa. Ka tambayi tsohuwar da ke suyar ƙosai a bakin layi, ita ba ta da kamasho. Ka kuma tuna watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwano a sama, wuta ta ɗauke. Kai da ka tashi a yankin da ya fi kusan ko'ina samun ruwan sama a Nijar, cikin giginya da mangwaro, sai ka ji kewar inuwa kamar kewar uwa.

Kada ka ɗauka ina hana tafiya ne. Wanda aka ɗauka aiki da takarda a hannu, ya tafi. Yarinyar da ta samu gurbi a Jami'ar Abdou Moumouni, a haɗa mata kaya da addu'a, kada tsadar birni ta sa a danne mata karatu. Mai majinyacin da sai manyan asibitocin Yamai ne za su iya duba shi a kai a kai, shi ba lissafin riba yake yi ba. Wanda nake ja wa riga shi ne mai tafiya don zaman Gaya ya ishe shi, wanda zai sayar da babur da fadama ya kwashi mata da yara zuwa garin da bai taɓa kwana uku a cikinsa ba.

Irin wannan, ga dabarar kakanni: cin rani. Ka bari a gama girbi, ka tafi kai kaɗai, ka ba kanka wata uku. Fadama ta zauna a hannun ƙanenka, babur ya yi kabu-kabu ya ciyar da gida. Kuɗin motar dawowa kuma ka sa tela ya ɗinke su a cikin ƙugun wando, ɗinki mai wuyar farkewa, yadda ƙamshin kilishi ba zai iya kai musu ba. Kuma tun kafin duk wannan ka zauna da uwargida. Ita ta san kwana nawa tiyar shinkafa take yi, ita ta san bashin mai kanti, lissafinta ya fi naka kusa da tukunya. In ta yi shiru ta kalli ƙasa, ka sake duba takardar.

Wani abin da nake so matasa su riƙe shi ne, wannan ba shi ne karo na farko da iyaka ta juya wa Gaya baya ba. A ƙarshen 1963 rigimar tsibirin Lete ta sa Nijar da Dahomey, wato Benin ta yau, suka rufe wa juna hanya, kuma sai a 2005 kotun duniya ta Hague ta tabbatar wa Nijar tsibirin. A 1984 Buhari yana soja ya rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe su ba sai 1986. A Agustan 2019 ya sake rufewa yana farar hula, Kamba ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Duk lokacin da aka buɗe, waɗanda suka riƙe rumfarsu da filinsu su ne suka fara cin kasuwa, waɗanda suka sayar suka dawo suna haya a unguwar da aka haife su. Amma kada wannan ya sa ka shimfiɗa tabarma a bakin gada kana jiran "gobe za a buɗe." Wannan goben an sha shayi a kanta ba adadi. Mu da muka ga an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso a 2016, muka riƙa sauraron kukan jirgin da zai iso mu ya wuce Paraku, mun san jira ba sana'a ba ce. Mai zama ma sai ya motsa: ga shinkafa a Gatawani, ga rake, ga dankali da rogo, ga kifi, kuma mutanen Yamai ɗin nan da kake son komawa cikinsu duk suna buƙatar waɗannan. Sau da yawa buhu ne ya kamata ya hau mota, mai buhun ya kwana a gida. In kuma kogi ka zaɓa, kana fito da mutane da kaya a kwale-kwale, don Allah ka san iyakar abin da jirginka ke ɗauka. Fasinja ɗaya na ƙari bai kai ran mutum goma ba.

Yaron ya saurare ni har aka kira la'asar, ya karɓi takarda ya tafi. Jiya da yamma ya dawo da ita a ninke, gaba da baya duk rubutu. A can ƙasa akwai layi biyu da wani hannu daban, na matarsa: kuɗin kiran waya kowane dare, da kuɗin motar zuwa gida ranar suna, don tana da ciki wata biyar. Ya ce zai bari a yanke shinkafa, ya je shi kaɗai, wani tsohon maigidansa ya yi masa magana da mai shagon kayan gini a Katako. Sannan ya tambaye ni wajen wa ake samun busasshen kifi mai kyau, kwando biyu.